Shawarwarin 'Yan Gudun Sakkwato Kan Abinci Mai Sitaci

A tattaunawar da wasu masu atisaye a filin wasa na Giginya suka yi, an fi jaddada cewa gudun da ake zabgawa ana tsagaitawa yana saurin cinye sukarin da tsoka ta adana, shi ya sa ƙafafu kan yi nauyi a zagayen ƙarshe. An ba da shawarar cin tuwo ko shinkafa awa 3 kafin fita, kuma idan atisayen ya wuce awa guda, a riƙa samun giram 30 zuwa 60 na sukari kowace awa, ko da ta hanyar tauna dabino ne. Sai dai zaƙi mai yawa yana murɗa ciki, musamman a zafin Afrilu, don haka lallai a haɗa shi da isasshen ruwa.