Wai Majalisar Ɗinkin Duniya taron shan shayi ce?

Mai Albasa, Mile 12: Jama'a na faɗa, zan kuma maimaita, Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta taɓa hana yaƙi ba. Taron shan shayi ce. A 2003 Kwamitin Sulhu bai ba Amurka izinin afka wa Iraƙi ba, ta afka. Wa ya tare ta?

Malam na Agege: Alhaji, a yi dai a hankali. Bakassi fa? Sojojinmu da na Kamaru har wuta sun buɗe wa juna a can. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya, wato kotun Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1994, hukunci ya fito a Oktoban 2002, aka ba ta yankin. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar a lokacin, shi ne mai shiga tsakani. A 2008 aka kammala miƙawa.

Mai Albasa: Ai mu aka kayar, Malam!

Malam na Agege: A kotu aka kayar da mu, ba a filin daga ba. Kawuna soja ne, can aka tura shi. Kakarmu kullum rediyo na manne a kunnenta, ko tuwo ba ta iya ci. Da ƙafarsa ya dawo gida. Je ka ce mata shayi aka sha.

Ɗan Canji, Idi-Araba: Malam, kotun nan ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Najeriya ce ta ga dama ta bi. Amurka, Rasha, China, Birtaniya da Faransa kuwa, kowace na iya hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, magana ta mutu nan take. Dubi Yukren, dubi Gaza.

Hajiya Mai Atamfa, Balogun: Ku bar ta nesa, ku zo gida. ECOWAS a nan Legas aka kafa ta, 1975. Ita ta matsa wa Jammeh lamba ya bar Gambiya a 2017. Amma a 2023 da ta yi wa Nijar barazanar yaƙi aka rufe iyaka, kayana wata da watanni suna jibge, masu saye daga Maraɗi ba hanya. Ƙarshenta Nijar ɗin ma ta fice.

Mai Albasa: To Malam, Bakassi na ba ka. Kawo min guda ɗaya da aka taka wa mai kujerar na-ƙi burki. Mota ta iso, bari in je a sauke buhuna, ina dawowa.