Neman shawara: ɗana ya tambaye ni mu 'yan ina ne

Slm 'yan uwa, dan Allah a ɓoye sunana. Ni bazazzagiya ce ina aure a Tudun Wadan Kaduna, maigidana mutumin Maraɗi ne, yunwar 1984 ce ta koro su yana yaro, nan ya yi allo nan ya koyi ɗinki har ya samu shago a Kasuwar Bacci. Babban ɗanmu shekararsa 17, ya je neman takardar indijin, wato shaidar asalin ƙaramar hukuma, saboda makaranta sai wani ya ce masa ai ku 'yan Nijar ne ku je can a ba ku, a gaban abokansa fa. Ya dawo ko tuwon bai taɓa ba, ya zauna bakin rijiya har isha sannan ya ce Umma mu 'yan ina ne. Wlh na rasa amsa, don in mun je Maraɗi da sallah 'yan Najeriya suke ce wa yaran, ko lissafin sefa bai iya ba balle Faransanci. Baban kuma ya yi shiru, kunya yake ji kamar shi ya yi laifi. Me zan ce wa yaron nan, kuma ya zan yi da takardar?

Wani malamin makaranta: Hajiya kwantar da hankalinki, ɗanki ɗan Najeriya ne cikakke. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a ƙasar nan in uwa ko uba ko ɗaya daga kakanni ɗan ƙasa ne to shi ma ɗan ƙasa ne, ba a ce sai uba ba. Indijin daban take da zama ɗan ƙasa, ita ce aka saba bin dangin uba, shi ya sa ake wahala. A 1980 gwamnatin Shagari ta kwashi wani ɗan majalisar dokokin Borno mai suna Shugaba Darman ta kai Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, kotu ta dawo da shi, mahaifiyarsa 'yar nan ce.

Wani ɗan uwa: Ku ce daga Daura kuke kawai a wuce wajen, kowa haka yake yi.

Wata 'yar uwa daga Rigasa: A'a dan Allah kar ki bi wannan. Haka aka yi mana, babanmu Badamagare ne aka rubuta mana wani gari da ko hanyarsa ban sani ba, na girma ina jin faɗuwar gaba duk sanda aka ce ina ne garinku, ranar da kakata ta zo bikina ma ban iya nuna ta ga ƙawayena ba kuma har ta rasu abin na cina. Ki bar baban ya ba shi labarin zuwansa da bakinsa, ya kai shi ya ga gidan kakanninsa da kyau ba kwana biyu na sallah ba.

Wata uwa: Ki bi ta ɓangarenki, ki je Zariya da takardarki ta indijin da ta haihuwarsa, mai unguwarku ya sa hannu a kai wa hakimi. Ki tafi da yayanki namiji in kina da shi.

Mai tambaya: Na gode Allah ya bar zumunci. Na karanta wa baban saƙon 'yar uwar Rigasa, ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce gobe yaron ya bi shi shago. Zariya kuma sai Litinin in Allah ya kai mu, na kira Yaya ya ce zai raka ni.