Simista: shin zango ya isa, ko sai mun nemo wata kalma?

Jama'a, kalma ɗaya ce ta hana ni sakat, ina neman ra'ayinku. Shekaranjiya a gida nan Daura, Inna ta kira ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, ta ce, "Auta, yaushe za ki zo mu gan ki?" Ta amsa, "Inna, sai an gama simista." Da aka ajiye waya Inna ta dube ni. Na ce zangon karatu take nufi. Ta ce, "Ba zango uku ake yi ba? Ita ta ce mini nasu biyu ne."

Inna na da gaskiya. A firamare da sakandare zango uku muke yi, daga Satumba zuwa Yuli. A jami'a shekarar karatu gida biyu ake raba ta. To kalma ɗaya za ta iya ɗaukar duka biyun?

Na fara duba asalin kalmar. Daga Latin take, ma'anarta wata shida, ta Jamusanci ta bi ta shiga Turanci. A jami'o'in Jamus har yau haka lissafin yake: ɗaya daga Oktoba zuwa Maris, ɗaya daga Afrilu zuwa Satumba. Amma a Amurka simistar farko daga ƙarshen Agusta take zuwa Disamba, wata huɗu ke nan. Tamu ma karatun aji ba ya kai wata shida. Saboda haka duk fassarar da ta jingina da adadin watanni ba za ta tsaya ba.

Wani abokina malamin sakandare ya ba da shawarar "rabin shekara". Ban gamsu ba. Ka ce wa mutum rabin shekara na farko, Janairu zuwa Yuni zai ji. Kuma shekarar jami'a a ƙasar nan ba kullum take bin wata goma sha biyu ba. Yajin aikin malamai na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Wani ya ce "kaka", kamar kakar wasa. Ni dai in aka ce kaka a Daura, gero da wake nake gani a gona.

Sai na koma wa zango kansa, kuma a nan hankalina ya kwanta. Menene zango a bakin kakanninmu? Inda ayarin fatake ke sauke kaya, a shayar da jakuna, a kwana. Tafiyar da ke tsakanin sauka da sauka ita ma zango ce. Garin Zango ga shi nan kusa da mu, sunan bai ɓace ba. Babu madugun da ya taɓa cewa sai tsawon zanguna ya zo ɗaya. Wani gajere ne, wani sai rana ta faɗi kafin a kai rijiya. Abin da ya sa ya zama zango shi ne akwai hutu a ƙarshensa. Haka karatu yake: a ɗauki kaya, a yi tafiya, a zana jarrabawa, a sauke.

Da wannan ma'auni kowace ƙasa ta shiga. Japan na fara shekara a Afrilu, yawancin makarantunta zango uku. Ostareliya na farawa ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, zango huɗu a mafi yawan jihohinta. Jami'ar Oxford a Ingila zango uku take yi, kowane mako takwas. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ma sunan yanayi ta ba nata biyun, kuma ku ji yadda suka zauna daram a Hausa: zangon hunturu, zangon damina.

Don haka matsayina shi ne simista zango ce, a ce zango na ɗaya, zango na biyu. Inda aka haɗa su a magana ɗaya ana gudun ruɗani, a ce zangon jami'a da zangon sakandare.

Abin da ya rage mini shi ne ɗan gajeren karatun da wasu jami'o'i ke yi a lokacin dogon hutu. Na yi tunanin "ƙaramin zango", amma "zangon ciko" ya fi yi mini daɗi a kunne. Malamanmu na Hausa a Katsina da Dutsin-Ma, da 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, wanne kuka zaɓa?