Muhawara: Shin Mercedes ta ci amanar masoya C63?

Mai C63: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina haɗiye wannan magana, amma yau sai na faɗe ta, wanda zai ji haushi ya ji. Kamfanin Mercedes ya ci amanar masoyansa. C63 da muka sani ta fito ne da inji mai fulogi takwas na lita 6.2, daga baya aka rage shi zuwa lita 4 mai turbo biyu muka haƙura, sai ga shi a 2022 an nuna mana sabuwa da inji mai fulogi huɗu na lita 2, an maƙala mata batir da injin lantarki a baya, wai mu yi tafi saboda ƙarfinta ya kai doki 680. Abin da ba a so a faɗa da ƙarfi shi ne nauyinta ya haura tan 2. BMW ma ta bi sahu, domin sabuwar M5 ta doshi tan biyu da rabi. Wannan guguwa ta lantarki tana kashe ainihin fasahar motar gudu, domin gwanintar injiniya a wajen rage nauyi take, ba a wajen tara lambobi a takarda ba. Tawa tsohuwa ce, 'yar Kwatano, amma idan na tayar da ita da asuba duk layinmu sun san na tashi. Ina jiran wanda zai musa.

Dillali: Wa alaikumussalam, Alhaji. Ban musa maka ƙaunar motarka ba, amma kalmar amana ta yi nauyi a nan. Amana tana shiga ne tsakanin wanda ya ba da ajiya da wanda ya karɓa. Me ka ba Mercedes ajiya? Da bakinka ka ce motar 'yar Kwatano ce, wato ta ratsa hannu biyu ko uku a Turai ko Amurka kafin ta iso gare ka, kuma ko kwabonka bai shiga asusun hedikwatarsu da ke Stuttgart ba. Wanda bai taɓa sayen sabuwa ba, ban ga ta inda za a ci amanarsa ba.

Malam: Ina goyon bayan ɗan'uwa Dillali a kan wannan gaɓa, kuma ina roƙon mu riƙa auna kalmomi. Cin amana yana cikin alamomin munafuki guda uku da aka sani, tare da ƙarya da saɓa alƙawari, saboda haka ba tuhumar da ake jefawa don nishaɗi ba ce. Da kamfanin ya ɓoye adadin fulogin motar ya sayar, da sai mu ce algus ne. Bai ɓoye ba, ya rubuta komai a fili. Iyakar abin da Alhaji zai iya cewa shi ne an saɓa wa son ransa.

Bakanike: Gafarta Malam, da girmanka, amma a nan ban yarda ba. Suna ma amana ne. Idan aka rubuta 63 a bayan but, mai saye ya san abin da yake tsammanin gani idan ya ɗaga bonet. Ni da hannuna na sha kwance kan irin injin Alhaji, kuma a samansa akwai ɗan ƙarfe ɗauke da sa hannun mutumin da ya haɗa shi a masana'antar AMG, sashen motocin gudu na Mercedes, da ke Affalterbach a Jamus, mutum ɗaya inji ɗaya. Wanda ya sa hannu a kan aikinsa ya ɗauki amana. Yanzu a ce wannan sunan ne a jikin motar da fuloginta bai fi na Corolla yawa ba?

Injiniya: Maigida Bakanike, sabon injin ma da hannu ake haɗa shi, kuma yana ɗauke da irin wannan sa hannun, don haka hujjar ta faɗi. Sannan lambar 63 ba ta taɓa zama ma'aunin gaskiya a C63 ba. Injin da Alhaji yake alfahari da shi lita 6.2 ne, an kira shi 63 ne don tunawa da tsohuwar Mercedes 300 SEL 6.3 ta 1968, kuma da aka koma lita 4 ba a sauya lambar ba. Idan suna amana ne, to an daɗe da cinye ta kuna tafi. Amma ina so mu koma kan abin da Alhaji ya faɗa game da nauyi, domin a nan yana da gaskiya mai yawa. Injin lantarki yana ba da dukkan ƙarfin juyinsa tun daga tsaye, shi ya sa sabuwar C63 take kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.4. Sai dai nauyi ba ya ɓoyuwa a kwana da wajen taka birki, kuma taya ce take biyan bashin. A filin tseren motoci na Nürburgring da ke Jamus, wanda zagayensa ya kai kusan kilomita 21, Porsche 911 GT3 RS mai doki 525 ta zaga cikin minti 6 da daƙiƙa 49, alhali Taycan Turbo GT ta lantarki, wadda ƙarfinta ya ninka wancan, ta yi minti 7 da daƙiƙa 7. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Irin taya da yadda iska take danne mota suna da nasu rabon, amma babban bambancin shi ne 911 ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, Taycan kuwa ta wuce tan 2.

Mai C63: Injiniya, zan dawo kanka. Bari in fara da Dillali, wanda ya ga dama ya auna aljihuna a bainar jama'a. Mu da muke sayen na hannu mu ne muke riƙe darajar motar a kasuwa, kuma kayan gyaran da nake saya na asali ne, ba na gwangwan ba. Mutumin da rayuwarsa ta ƙare a tsakanin Corolla da Camry ba shi da hurumin koya mini wanda ya cancanci ya yi kukan amana.

Dillali: Alhaji, Corolla da Camry da kake rainawa su ne suke kai mutane gida lafiya lokacin da taka take kan jak tana jiran kayan gyara daga kasuwar Ladipo ta Legas. Kuma tunda ka taɓo Toyota, ka sani ita ce kamfanin da bai ruɗu da wannan guguwa ba. Tun 1997 ta fito da Prius mai haɗa fetur da lantarki, lokacin da Jamusawa suke mata dariya, kuma a farkon 2024 shugabanta Akio Toyoda ya faɗa a fili cewa a ganinsa motocin batir zalla ba za su wuce kashi 30 cikin ɗari na kasuwa ba. Wannan shi ne kamfanin da ya riƙe amanar masu sayensa.

Bakanike: To fa! Ashe kamfani yana iya riƙe amana, amma ba ya iya cin ta? Ɗazu ka ce babu ajiya tsakanin mai saye da mai ƙerawa. Ko dai amanar tana aiki ne kawai a kan motocin da suke filinka?

Dillali: Ni masu sayen sabuwa nake nufi.

Bakanike: Yaushe rabonka da ka sayar da sabuwa?

Hajiya: Yayyena, na karanta komai tun daga sama, kuma abin da na fahimta shi ne ƙara ce take damun ku, kuna kiran ta amana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na san masu fulogi takwas da yawa da suka lulluɓe motocinsu da tamfol sai ranar Juma'a ko biki. Ni tawa mai haɗa fetur da lantarki ce, a cunkoso injin yakan mutu da kansa ina tafiya a kan batir, kuma ban taɓa jin an zalunce ni ba. Idan ƙara ce, kamfanonin sun ji kukanku. Dodge ta daina ƙera Challenger da tsohuwar Charger a ƙarshen 2023, ta fito da Charger Daytona ta lantarki wadda aka sa mata na'urar da take kwaikwayon rurin inji. Hyundai ma ta yi Ioniq 5 N da take yin kamar tana sauya giya alhali ba ta da giyoyin. Ga abin da kuke so nan an ba ku.

Mai C63: Hajiya, kin kawo mini hujja ba ki sani ba. Lasifika a madadin salansa, giyar ƙarya, da Porsche da ta rubuta Turbo a jikin Taycan wadda babu turbo ko ɗaya a cikinta, da Ford da ta liƙa sunan Mustang a jikin jif ta lantarki. Idan wannan ba cin amana ba ne, Malam ya gaya mana sunansa.

Malam: Sunansa kwaikwayo, Alhaji, kuma kwaikwayon da aka sanar da mai saye ba yaudara ba ne. Har yanzu ba ka nuna mana ajiyar da aka ci ba.

Ɗalibi: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni a ganina zancen amana duk na waɗanda zamani ya wuce ne. Na ga bidiyon Yangwang U9 ta kamfanin BYD tana gudun kilomita 496 a awa ɗaya a Jamus a 2025, ta wuce abin da Bugatti Chiron ta yi. Xiaomi mai ƙera waya ma ta je Nürburgring ɗin da Injiniya yake magana ta doke lokacin Taycan. BYD ta daina ƙera motar fetur zalla tun 2022. Nan gaba kaɗan babu mai tuna AMG.

Bakanike: Yaro, ka taɓa riƙe sifana? Gudun bidiyo daban, hanyar Kano zuwa Maiduguri daban. Mu da muka taso a kan fijo 504 ta Kaduna mun san motar da ake gyarawa a gefen titi da filaya da waya. Wannan taku idan batir ya yi zafi a tsakiyar bazara, wane ɗan rewaya ne a Panteka ko Kofar Ruwa zai sa hannu a wuta mai ƙarfin bolt ɗari huɗu? Kuma da wace wutar za ku yi cajin, ta janareto mai shan fetur?

Ɗalibi: Baba, ai tsoronka shi ne motar lantarki ba ta shan baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da lagireton da zai riƙa kawo maka ita duk wata. Amanar da kake karewa ta garejinka ce.

Injiniya: Ɗalibi, ka gyara magana biyu. Na farko, motar lantarki tana da ruwan sanyaya batir da nata lagireton, kuma zafi matsala ce ta gaske wadda take rage mata ƙarfi idan aka daɗe ana taka ta. Na biyu, ba a yi wa babba irin wannan magana, ka ba shi haƙuri.

Ɗalibi: Baba ka yi haƙuri, amma lambobin suna nan.

Mai C63: Jama'a, maganar da na kawo ita ce nauyi yana kashe fasahar motar gudu. Ban da Injiniya babu wanda ya taɓa ta, kuma shi ma ya gaskata ni.

Malam: Da ka janye kalmar amana tun farko, da tuni an koma kan nauyin.

Mai C63: Ba zan janye ba.

Dillali: To ka kawo rasit ɗin da Mercedes ta ba ka.

Shugaban zaure: Ya isa haka, 'yan'uwa. A matsayina na wanda aka ɗora wa kula da wannan zaure, ga abin da muhawarar ta tsaya a kai. An yi ittifaƙi cewa kalmar amana ba ta dace da wanda bai sayi sabuwar mota ba, kamar yadda Malam da Dillali suka bayyana da hujja. An kuma fahimci cewa motocin Jamus sun cika rikitarwa da nauyi da tsadar gyara, su kuwa na Sin har yanzu a bidiyo kawai muke ganin bajintarsu. Abin da kowa ya gamsu da shi, har da Hajiya da ta ba da shaida daga motarta, shi ne Toyota ce ta bi hanya madaidaiciya, ba ta yi gaggawa ba kuma ba ta juya wa masoyanta baya ba. Ni kaina Land Cruiser nake hawa shekara da shekaru, kuma ban taɓa samun dalilin shigowa nan in yi kuka ba. Muna gode wa Alhaji da ya buɗe zancen.

Hajiya: Ranka ya daɗe, ban faɗi sunan kamfanin motata ba.

Injiniya: Kuma a ƙara a cikin taƙaitawar cewa Toyota ma ta cire inji mai fulogi takwas daga Land Cruiser a 2021, ta sa mai fulogi shida da turbo biyu.

Mai C63: Allah ya saka maka da alheri, Injiniya. Shugaba, wannan kuma me sunansa?

Shugaban zaure: Wannan wata muhawara ce daban, kuma yau ba ranarta ba ce. An rufe wannan batu, mai son sayar da taya ko batir zai iya sa tallarsa daga yanzu zuwa la'asar.