Masauki a bakin teku a Lome: ina zan sauka da mahaifina, kuma me za mu ci?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ƴan uwa da suka san Lome, babban birnin Togo. Tun da aka rufe iyakar Gaya, tsakanin Nijar da Benin, a 2023 kayan da nake saro suka koma biyowa ta tashar jiragen ruwan Lome, kuma a wannan karon ina so in je da kaina tare da mahaifina, wanda ya tsufa a Damagaram bai taɓa ganin teku ba, ya kuma daɗe yana cewa yana son ganin wannan aya ta Allah da idonsa. Saboda shekarunsa, jirgin sama za mu shiga daga Yamai. Tambayata biyu ce. Shin in kama mana ɗaki a ƙaramin otel na bakin ruwa, ko kuwa mu sauka Zango wurin mutanenmu kamar yadda aka saba? Sannan abincin irin waɗannan wurare, musamman abubuwan da ake kamowa daga teku waɗanda ba kifi ba, ya halatta mu ci? Baba mutum ne mai tsantseni, ba zai sa hannu a kwano ba sai zuciyarsa ta natsu.

Tsohon Direban Kamyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, in dai ta tawa ce, ku sauka Zango. Can akwai masallatai, akwai mahauta Musulmi, ana jin Hausa, kuma fatoma zai haɗa ka da wanda zai fitar maka da kaya ba tare da an cuce ka ba. Sai dai ka sani Zangon yanzu ba a tsakiyar gari yake ba. Hukuma ta tashe shi a 1977 ta mayar da shi Agoè, can arewa a kan hanyar da ta nufi Burkina, don haka duk ranar da kuke son ganin ruwa sai kun ratsa gari cikin cunkoso, kuma dattijo bai kamata a ɗora shi a kan kabu-kabu ba. Ku ɗauki taksi ku je da la'asar ku dawo.

Hajiya ta Garin Malam ta rubuta:

Alhaji ya faɗi gaskiya game da Zango, amma ban goyi bayansa ba a wannan tafiya. Ni atamfa nake sarowa a kasuwar Asigame, kuma na sha sauka a ɓangarorin biyu. Wanda ya je don kaya kaɗai, Zango ya fi masa. Amma kai, ɗana, ka ce ganin teku ne ya fito da mahaifinka daga gida, kuma tekun da ake tsayawa a kalla na ɗan lokaci daga gefen titi daban yake da wanda mutum zai idar da sallar asuba ya zauna a baranda yana kallon masunta suna jan taru har rana ta ɗaga. Kada ka hana shi wannan saboda ragin kuɗin ɗaki.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne inda masaukin yake. Gaɓar da ke tsakiyar gari, daga iyakar Gana wajen Kodjoviakopé har zuwa tasha, tana cika da jama'a da kiɗa ranar Asabar da Lahadi, kuma ƙaramin otel da ke da mashaya a ƙasa ba zai bar tsoho ya runtsa ba. Gabas da tasha, wajen Baguida da Avépozo, ya fi shiru, kuma kai ma ya fi maka kusa da wurin aikinka. Can ɗin kuma ruwa yana cin gaɓa shekara da shekaru, domin ginin tashar ya tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, saboda haka kada ka dogara da hoton da ka gani a waya, ka je ka ga ɗakin kafin ka biya. Ka buɗe famfo ka ɗanɗana, don wasu masaukan rijiya suke ja, ruwan yana da gishiri-gishiri. Ka shinshina katifa, gama danshin wurin ba irin namu ba ne, tufafi ma ba sa bushewa da wuri. Ka tambaya ko suna da janareta da gidan sauro, ka nemi ɗakin ƙasa don gwiwar Baba, kuma ku tafi da butarku, da wuya ka tarar da ita a bayan gidansu.

Batun abinci kuwa, ba zai yi muku baƙunta kamar yadda kake tsoro ba. Abin da suke kira akume tuwon masara ne, miyar ademe kuwa lalo ce da muka sani, sai dai manja suke sa mata da kifi, wani lokaci da ƙaguwa. Akwai sakwara, akwai soyayyar doya da suke ce wa koliko, akwai ablo mai kama da waina amma turara shi ake yi. Abin da ya fi komai a wurina shi ne gasasshen kifi da aka kamo da safiyar ranar. Mu da muka saba da tarwaɗar Gidimuni da bandar tafkin Cadi, wannan wani ɗanɗano ne daban. Ka ce a nuna maka kifin ɗanye kafin a gasa, ka duba idonsa yana sheƙi, ku kuma daidaita farashi tun a lokacin, domin sau da yawa girman kifin ne ke yanke kuɗin. Nama kam ku bar shi sai wurin masu tsire mutanenmu. Ka kuma roƙi mai dafuwa ya rage barkono da gishiri a kwanon dattijo.

Malam na Zangon Damagaram ya rubuta:

Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Game da halacci, ka kwantar wa mahaifinka da hankali. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma hadisin da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya jatan lande da ƙaguwa duk sun shiga ciki. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi. Inda ake jin tsoro shi ne tukunya: wasu masu dafuwa irin ta Faransa suna zuba giya a miyar kifi, wasu kuma mai ɗaya suke soya komai da shi har da alade. Ka tambaya a fili, ba abin kunya ba ne. Halacci kuma ba ya nufin kowane jiki zai karɓa, don akwai waɗanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi da kumburi, don haka wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan.

Teku yana kudu da garin, alƙibla kuwa gabas ce mai karkata arewa, ke nan ruwan zai kasance a damanku. Agogon Togo yana bayan namu da awa ɗaya, ku gyara saboda lokutan salla. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, babu ƙasaru, sai ku cika.

Tsohon Direban Kamyo ya sake rubutawa:

Na yarda da Hajiya, tunda don Baba ake tafiyar. Amma ranar Juma'a ku je Zango ku yi salla ku gaisa da jama'a. Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah: kada ɗayanku ya shiga ruwan nan, ko da zuwa gwiwa ne. Igiyarsa tana ja da ƙarfi ta ƙasa, tana cin mutane har waɗanda suka iya iyo. Idan Baba yana son taɓawa, a ɗebo masa a buta. Kuɗinsu sefa ne irin namu, babu canji, amma kada ku manta da katin rigakafin shawara.

Ɗan Birni ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba amsar Malam, ya ce ya gamsu. Za mu nemi ɗaki wajen Baguida, in sha Allahu. Hajiya, saura tambaya ɗaya: da damina ko da rani ya fi dacewa a kai tsoho mai ciwon gwiwa?

Hajiya ta Garin Malam ta rubuta:

Ku kauce wa Mayu da Yuni, lokacin ne ruwan sama ya fi yawa. Disamba zuwa Janairu ya fi, danshi yana raguwa saboda hunturu yana ɗan leƙawa har can, sai dai ka kama ɗakin da wuri don bukukuwan ƙarshen shekara suna cika masaukai.