IELTS ko OET? Kuɗin zama ɗaya gare ni

Likitan Ƙauye: Assalamu alaikum manyana. A Yamai na yi karatun likita, komai da Faransanci, yanzu ina aiki kusa da Maradi. Rajistar GMC, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Ingila, nake nema. Sai na ci jarrabawar Turanci: suna son maki 7.5 a IELTS, kowane sashe kada ya gaza 7, ko B a duka sassa huɗu na OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Ina karanta Turanci, amma bakina da nauyi. Abin da na tara ba zai kai zama biyu ba. Wacce zan biya?

Ɗan Gobir: Dokta, mi ya kai ka Ingila? Ga Faransa, harshen yana bakinka.

Uwar Biyu: Faransar ma sai ka ci EVC, jarrabawar tantance likitocin da suka yi karatu a waje, kuma guraben ƙidayayyu ne. Ƙanena, yi OET. Wasiƙar tura majinyaci za ka rubuta cikin minti 45, a sashen magana kuma kai ne likita, wani ya zama marar lafiya. Aikinka ne na kullum. IELTS za su iya ce maka ka yi muhawara kan cunkoson motoci, kalma 250.

Na Dan Isa: Ku bari in faɗa muku abin da ya same ni. A Kano na zauna IELTS. Saurare 8, karatu 8, rubutu 6.5. Rabin maki! Na sake, 6.5 ɗin nan dai. Mu da muka tashi da Faransanci jimla muke ja kamar igiyar guga, su kuwa gajeru suke so. Sai wani mai lesin ya ce yana da tambayoyin da za su fito. Na sayar da babur na ba shi, ko ɗaya ba ta fito ba, ya kashe waya. Da na ci daga baya, aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, lissafina ya watse. Sakamakon shekara 2 yake yi, nawa ya mutu a aljihu ban kai ga PLAB 2, jarrabawar aikin likita ta GMC, a Mancesta ba. Har yau surukina in ya gan ni sai ya ce "Bature, yaushe ne jirgin?"

Ɗan Gobir: Allah ya mayar da alheri, Bature.

Na Dan Isa: Kai ma ka fara?

Likitan Ƙauye: Sannu Yaya. To nawa ne kuɗin yanzu?

Uwar Biyu: Lokacin da na biya, OET dalar Ostireliya 587 ce. Ni ta tsaya mini wajen jaka 230 ta sefa.

Bakatsine: Hajiya, sai dai in katin banki naki ne. Ni da na bi ta hannun mai kati ta haura jaka 300, ban sa mota da masauki ba. IELTS da naira ake biya, mai sefa shi ke da riba.

Na Dan Isa: Riba? In ka maimaita ina ribar?

Tsohon Majo: Yarana, ku fara duba ko makarantarku tana cikin kundin makarantun likita na duniya, kuma GMC ta yarda da ita, kafin ku zubar da kuɗi.

Bakatsine: Baba, da girmanka, wanda ya zauna jarrabawar ya kamata ya yi magana.

Uwar Biyu: Kai ka ci ne? Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, har tantance takardun karatu ta EPIC, tsarin da ke tabbatar da sahihancinsu, sai an yi.

Tsohon Majo: Ban zauna ba, amma likitoci nawa na koya wa sa ruwa? Kuna ta ficewa, damina na zuwa, zazzaɓin cizon sauro zai cika ɗakin yara, biyu uku a gado ɗaya. Wa zai duba su?

Na Dan Isa: Baba, a ɗauke mu aiki mana. Abokan karatuna suna kwanan asibiti a matsayin 'yan sa-kai, ko kuɗin mai ba a ba su. Mai kwantiragi kuma sai wata ya shiga wata bai ga albashi ba.

Ɗan Gobir: Ku naku ma ana biya daga baya. Ku tambayi malaman lakwal.

Likitan Ƙauye: Hajiya, OET ɗin a wane gari kika zauna?

Bakatsine: Wai da gaske za a buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya bana, ko zancen fada ne?