Ina son canja furosesa da RAM, shin madabod ɗina zai karɓe su?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur da nake zanen katin biki da kalanda da ita. Madabod ɗinta (babban faifan da ake jona dukkan sassan kwamfuta a kai) B450 ne, furosesarta (sashen da ke sarrafa ayyuka) Ryzen 3 2200G, RAM ɗinta (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki) kuma gigabait 8, ga shi yanzu ta soma nauyi duk lokacin da na buɗe manyan hotuna. Na yi niyyar sayen Ryzen 5 5600, wani mai shago kuma ya ce in haɗa da RAM samfurin DDR5 tunda ita ce sabuwa. Kafin in ba da kuɗina, ina roƙon masana su faɗa mini ko kayan nan za su zauna da juna.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye maganar DDR5 gaba ɗaya, domin B450 ba ya karɓar komai sai DDR4. Duk da cewa kowacce tana da haƙora 288, tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, saboda haka ba za ta ma shiga ramin ba, wanda ya danna da ƙarfi kuwa ɓarna zai yi. Ka sayi DDR4 guda biyu iri ɗaya, kowacce gigabait 8, domin biyu masu aiki tare sun fi ɗaya mai 16 sauri.

Furosesar za ta zauna, tunda ita da tsohuwar duk mazaunin AM4 suke amfani da shi. Sai dai B450 ya fito ne a 2018, ita kuwa 5600 sai a 2022, don haka dole ka sabunta BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta, kuma ka yi hakan tun tsohuwar furosesar tana ciki, domin idan ka riga ka cire ta, kwamfutar za ta kunnu, fanka na juyawa, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ka duba cikakken sunan da aka rubuta a jikin madabod ɗin, ka nemi jerin furosesocin da yake karɓa a shafin kamfanin.

Malamar Kwamfuta:
Malam, akwai abin da ya fi damuna. Harafin G da ke ƙarshen 2200G yana nufin furosesar da kanta take fitar da hoto, ita kuwa 5600 ba ta da wannan sashen. Idan ba ka da katin hoto na daban, ba za ka ga komai a allo ba ko da BIOS ɗinka sabo ne. A ganina 5600G ce ta dace da kai, domin ita ma ƙwaƙwalwa (core) shida gare ta kamar 5600, kuma za ta hutar da kai sayen kati, da canja akwatin da ke ba kwamfutar wuta idan naka ƙarami ne.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ba ni da katin hoto, don haka 5600G zan nema. Shin sabunta BIOS ɗin yana da haɗari?

Mai Gyara:
Haɗarinsa ɗaukewar wuta ne ana tsakiyar aiki, wanda zai iya hana madabod ɗin sake tashi. Kada ka dogara da wutar NEPA. Ka jona kwamfutar a UPS (na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke) ko inbata mai cikakken caji, sannan kada ka taɓa komai har sai ta sake kunna kanta.